Yadda ake lissafin gudun Ceph RBD kafin a kashe kuɗi wajen sayen inji

Yawancin masu haɗa kulasta ta Ceph, wato manhajar da ke haɗa diskin injina da yawa su zama ma'ajiya ɗaya, tambayar farko da suke yi ita ce "terabait nawa zan samu?", kuma gaskiya ita ce tambaya mafi sauƙin amsa, ko yaro ya iya raba lamba da uku, tunda kwafi uku ake ajiyewa na kowane bayani. Abin da ke sa mutum ya kwana a ɗakin sabar daga baya wani abu ne daban: na'urorin VM, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira da manhaja a cikin sabar, sun yi nauyi, mai datābes yana kira kullum wai tsarin ya tsaya, kai kuma ka duba dashbod ka ga komai kore ne, HEALTH_OK, babu diski ɗaya da ya mutu. To wannan matsalar tun ranar sayayya aka shuka ta, saboda an lissafa wuri ba a lissafa gudu ba.

Ga wanda bai daɗe da shiga harkar ba: Ceph aikin Sage Weil ne tun yana digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, Red Hat ta sayi kamfaninsa Inktank a 2014, yanzu kuma kusan duk mai Proxmox ko OpenStack ko Kubernetes da Rook ya san sunan. RBD shi ne ɓangaren da ke ba VM diski ta netwok. Shi VM gani yake diski ɗaya ne, amma a ƙasa an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 4 MiB idan ba ka canza ba, an watsa su a kan OSD, wato manhajar da ke kula da kowane diski, kuma CRUSH ne ke lissafa inda kowace za ta zauna. Wannan ya isa mu fara.

Fara da auna abin da kake da shi yanzu

Kada ka buɗe takardar farashi tukuna. Je ka inda aikin ke gudana yau, ko tsohuwar sabar ce ko SAN, wato akwatin ajiya na netwok, ka kunna iostat -x ka bar shi yana tara bayani na tsawon mako guda aƙalla, kuma ka tabbatar makon ya haɗa da ranar da ta fi zafi, ƙarshen wata lokacin biyan albashi, ko makon rajistar ɗalibai idan makaranta ce, ko cikin dare lokacin da bakap ke tashi. Abubuwa huɗu kake nema: IOPS nawa a lokacin cunkoso (wato karatu da rubutu nawa diski ke yi a sakan ɗaya), kashi nawa karatu ne kashi nawa rubutu, girman kowane bulok, da kuma buƙatu nawa ke jira a layi a lokaci guda. Matsakaicin lamba ta yini gaba ɗaya ba ta da amfani ko kaɗan, don ta haɗa da ƙarfe uku na dare lokacin da kowa ke barci. Abin da zai kayar da kai shi ne wannan rabin awa na safiyar Litinin da kowa ya shigo ofis ya kunna komai lokaci ɗaya.

Girman bulok ɗin nan ka kula da shi sosai. PostgreSQL da shafin 8K yake aiki, InnoDB na MySQL 16K, su kuma bakap da bidiyo manya-manyan bulok suke turawa a jere. Na farko IOPS da ƙarancin jinkiri yake so, na biyu megabait a sakan yake so, kuma kulastar da ta yi fice a ɗaya za ta iya ba ka kunya a ɗayan.

Hanyar da rubutu ɗaya ke bi

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari in ɗan zauna a kai. Idan VM ya rubuta 4K, saƙon zai fita ta netwok zuwa OSD na farko mai riƙe da wannan gunduwar, shi kuma ya tura kwafi zuwa OSD biyu a wasu injina daban, kowanne ya rubuta a diskinsa ya tabbatar ya zauna, su dawo masa da amsa, sannan ne kawai shi zai ce wa VM an gama. Wato rubutu ɗaya ya haye netwok sau biyu zuwa da dawowa, ya ratsa manhajar OSD sau uku, kuma yana jiran wanda ya fi kowa nawa a cikin ukun. Diski ɗaya mai ciwo a cikin arba'in ya isa ya ja kowa baya, tunda kowane VM yana da gunduwoyi a kusan kowane diski. Karatu kuma ya fi sauƙi, OSD na farko kawai ake tambaya idan ba ka taɓa saiti ba.

Daga nan lissafi mai sauƙi ke fitowa wanda mutane ba sa so su ji: IOPS daidai yake da yawan buƙatun da ke layi a raba da jinkirin kowace. Idan manhajarka tana rubutu ɗaya ta jira amsa kafin ta tura na gaba, kamar yadda datābes ke yi da log ɗinsa, kuma kowane rubutu yana cin milisakan 1, to IOPS 1000 ne rufinka, shikenan. Ka ƙara injina ashirin, ka ƙara diskin filash masu sauri na NVMe ɗari, wannan VM ɗin yana nan a 1000 ɗinsa. Kamar ɗan ga-ruwa ɗaya ne mai zuwa bohol ya dawo, ko famfo ɗari aka jera a wajen, nisan hanyarsa ne ke yanke jarka nawa zai kawo maka a yini. Ceph ta iya ɗaukar 'yan ga-ruwa dubu a lokaci guda, nan ƙarfinta yake, amma ba ta gajarta wa mutum ɗaya hanya.

A kulasta mai filash zalla da aka saita da kyau, rubutun 4K ɗaya-bayan-ɗaya yakan kai kusan rabin milisakan zuwa ɗaya, wani lokaci fiye, alhali NVMe da ke cikin injin kansa da maikurosakan ake auna shi. Shi ya sa wanda ya ɗauke datābes daga diskin gida ya kai RBD yakan dawo da fushi. Ba abin da ya lalace, haka tsarin yake. Idan kana da datābes guda ɗaya da rayuwar kamfani ta rataya a kan saurinsa, ra'ayina ka bar shi a NVMe na gida ka yi masa kwafi ta hanyar datābes ɗin kansa, sauran VM ɗin su tafi Ceph.

Lissafin diski

HDD mai juyi 7200 a minti, idan aikin barkatai ne, ka ɗauka IOPS 100 zuwa 150 kawai, ni da 100 nake lissafi. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don nuni: injina 4, kowanne HDD 12, jimla 48, wato IOPS 4800 ɗanye. Aikinka kashi 70 karatu, 30 rubutu, kwafi uku. Kowace buƙata ɗaya ta VM tana cin 0.7 na karatu da 0.9 na rubutu a ƙasa (0.3 sau kwafi uku), jimla 1.6. Raba 4800 da 1.6, ka samu 3000. Wannan kuma a rana mai kyau ke nan, kuma ban saka abin da BlueStore, tsarin da OSD ke ajiye bayanai da shi a diski, ke rubutawa na bayanan kansa ba. Yanzu cire inji ɗaya, saura diski 36, ka sauko 2250, sannan su waɗannan diski 36 ɗin ne za su ɗauki aikin sake gina kwafin da ya ɓata a daidai lokacin da VM ke neman nasu. Idan ka bar wa wannan aikin kashi ɗaya cikin uku, abin da za ka iya yi wa mutane alkawari bai wuce 1500 ba. VM 60 kowanne yana son IOPS 50 a lokacin cunkoso, 3000 ke nan, ka ga tun kafin a kwance kwali kulastar ta gaza.

Shi ya sa nake cewa diskin VM a kan HDD zalla wahala ce da kuɗinka. HDD na ajiyar bakap ne da manyan fayiloli. Idan dole ne saboda aljihu, to ka ɗora block.db ɗinsu, wato wajen da BlueStore ke ajiye bayanan kansa, a kan SSD, takardun Ceph suna cewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na girman diskin ya isa ga aikin RBD, kuma kada ka jingina HDD da yawa a SSD ɗaya, huɗu ko biyar ga SATA, don ranar da SSD ɗin ya mutu duk OSD da ke kansa sun tafi tare. Kuma dan Allah ka duba lambar samfurin diski kafin ka biya, idan SMR ne, wato irin HDD da layukan rubutunsa ke hawa kan juna, ka mayar wa mai shi, lokacin sake gini zai nuna maka halinsa.

SSD kuma nan ne ake yawan cutar mutane. Wanda ake sa wa laptop ko kwamfutar gem, a jikin kwali za ka ga IOPS dubu tamanin ko fiye, amma wannan lambar da taimakon ma'ajiyar wucin gadi da ke cikinsa aka same ta. Ceph kuwa bayan kowane rubutu cewa take a tabbatar ya sauka, shi kuma SSD da ba shi da kapasitan kariya daga ɗaukewar wuta, abin da ake kira PLP, dole ya zubar da komai zuwa filash kafin ya amsa, sai ka ga ya faɗo 'yan ɗaruruwa. Na sabar mai PLP yana amsawa nan take saboda ya san ko wuta ta tafi yana da ƙarfin ƙarasa rubutun. A wajenmu da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareto sau da yawa a rana, kuma batirin UPS yana tsufa ba wanda ya lura, wannan kapasitan aiki biyu yake yi maka. Idan kuɗi bai kai sabo ba, SSD na sabar na hannu wanda ka duba smartctl ka ga sauran rayuwarsa da yawa ya fi sabon na laptop nesa ba kusa ba.

Gwada shi da kanka kafin ka sayi guda ashirin. Sayi ɗaya, ka yi masa wannan, amma a kan diskin da babu komai, don zai shafe abin da ke ciki:

fio --name=gwaji --filename=/dev/sdX --direct=1 --sync=1 --rw=write --bs=4k --iodepth=1 --numjobs=1 --runtime=300 --time_based

Ka bar shi ya yi minti biyar ɗin cif, wasu diskin suna yin kyau a sakan talatin na farko sannan su zube. Mai kyau zai ba ka dubu goma ko fiye ya tsaya a nan. Idan ka ga ɗari huɗu, ka san amsa.

Wani abu ƙarami, katin RAID ba ya cikin lissafi. HBA kake so, ko kati a yanayin IT, Ceph ta ga diskinta kai tsaye.

Netwok

1GbE ka manta da shi, ko da na gwaji ne zai koya maka ƙarya. 10GbE a takarda 1.25 GB ne a sakan, a aikace ƙasa kaɗan. Inji mai SATA SSD goma, kowanne yana iya 500 MB a sakan, 5 GB ke nan, ya ninka layin sau huɗu. NVMe ɗaya na PCIe 4.0 a karatu a jere yana kai wajen 7 GB, shi kaɗai ya cinye 25GbE guda biyu. Kuma ka tuna duk 500 MB da VM suka rubuta, akwai wani 1000 MB da ke yawo tsakanin OSD na kwafi. Idan yau nake saye, 25GbE biyu a kowane inji ne mafi ƙaranci ga filash, kuma ba don faɗi kawai ba, har da jinkirin da yake ragewa.

Haɗa layi biyu da LACP yana da kyau amma ka sani haɗin TCP ɗaya ba ya wuce layi ɗaya, don haka ka saita hash ɗin layer3+4 domin haɗe-haɗen su rarrabu. Maganar raba netwok na jama'a da na kulasta, idan kana kan 10GbE da yawan rubutu yana taimakawa, idan kana da 25 ko 100 sau da yawa ƙarin ciwon kai ne kawai. MTU 9000 kuma, wato manyan fakitin netwok, ko dai ka saka a ko'ina, kowane kati da kowane bakin suwic, ko ka bar shi gaba ɗaya. Rabi da rabi shi ne ke haifar da irin matsalar da ping ke wucewa lafiya amma OSD suna faɗuwa suna tashi. Gwada da ping -M do -s 8972 daga kowane inji zuwa kowane inji.

CPU da RAM ba zan ja su ba. Kowane OSD yana neman 4 GiB a saitin osd_memory_target, kuma buri ne ba katanga ba, yakan wuce musamman lokacin sake gini, don haka OSD 12 ba 48 GB za ka saya ba, ka ƙara sarari sosai. A kan NVMe kuwa CPU ne ke fara ƙarewa kafin diski, ka ware wa kowane OSD koa da yawa, kuma saurin kowace koa ya fi yawansu tasiri a kan jinkiri. Shiga BIOS ka kashe zurfin barcin C-state, ka sa gwamnan CPU a performance, wannan kyauta ne kuma bambancin yana fitowa a gwaji ƙarara. Masu haɗa VM da OSD a inji ɗaya irin na Proxmox, ku cire kason Ceph tukuna kafin ku raba wa VM sauran.

Ranar da inji ya mutu

Duk lissafin da ba a yi shi da inji ɗaya a kashe ba, lissafin biki ne. Ceph tana gargaɗin nearfull a kashi 85, tana dakatar da backfill, wato kwaso bayanai daga wasu diskin, zuwa diskin da ya kai 90, a 95 kuma ta daina karɓar rubutu, VM su daskare. Kuma diski ɗaya da ya cika ya isa, ba sai duka ba. Misali injina 5, kowanne 40 TB, jimla 200, mutum ya raba da uku ya ce yana da 66. A'a. Cire inji ɗaya saura 160, ɗauki kashi 85 ka samu 136, raba da uku, 45 TB. Wannan ne abin da kake da shi, kuma gara ka tsaya ƙasa da haka tunda rabon ba ya zama daidai-wa-daida ko da balansa, ɓangaren Ceph mai daidaita rabon, yana aiki.

Kulasta mai injina uku da kwafi uku tana da nata tarko. Idan inji ya mutu babu inda za a sake gina kwafi na uku, za ta zauna da biyu har ka gyara. Idan kuma diski ɗaya ne ya mutu, abin da ke kansa dole ya koma sauran diskin wannan injin ɗin dai, to idan diski biyu ne kawai a ciki kuma kowanne ya wuce rabi, na biyun zai cika ya tsayar da kowa. Ƙananan diski da yawa sun fi manya guda biyu, injina biyar sun fi uku.

Lissafa lokaci ma. Injin 40 TB da ya cika kashi 70, 28 TB za a kwashe, ko a 1 GB a sakan kusan awa takwas ne. Sabon HDD na 16 TB da ake cikawa a 100 MB a sakan zai ci wajen awa 44 idan za a cika shi duka. Duk tsawon wannan lokacin VM suna rabon diski da aikin gyara. Tun sigar Ceph ta Quincy ta 2022 wani tsari mai suna mClock ne ke raba wannan, yana da high_client_ops da balanced da high_recovery_ops, ka zaɓa da saninka tun kafin ranar, ko ka fi son mutane su ji daɗi gyara ya daɗe, ko gyara ya yi sauri su ɗan sha nauyi. Deep scrub ma, wato binciken lafiyar bayanan da ke kan diski, da ke zagayowa duk mako, ka tura shi cikin dare da osd_scrub_begin_hour da osd_scrub_end_hour, amma kada ka matse tagar har ya kasa gamawa. Idan za ka kashe inji don gyara, ceph osd set noout tukuna, in ba haka ba bayan minti goma za ta fara kwashe kaya a banza.

Kuma kada wani ya lallashe ka da kwafi biyu da min_size 1, wato a ci gaba da aiki ko kwafi ɗaya ne ya rage, don a samu wuri da gudu. Kwafi uku da min_size 2, a bar shi haka. Erasure coding irin 4+2, wato yanka bayani gida huɗu a ƙara biyu na kariya maimakon kwafi, yana cin ninki ɗaya da rabi maimakon uku, RBD yana iya hawa kansa tun sigar Luminous idan ka kunna allow_ec_overwrites ka ba shi --data-pool, amma ƙananan rubutu barkatai suna shan wahala a kai, ya fi dacewa da diskin ajiya mai sanyi.

Gwaji bayan an haɗa

Bi shi hawa-hawa don ka san inda gudu ke zubewa: fio a kan ɗanyen diski, iperf3 tsakanin injina, rados bench a kan pul, wato rukunin ajiyar da diskin RBD ke zama a ciki, sannan fio da injin rbd, daga ƙarshe fio a cikin VM kansa. Tarko babba a nan, sabon hoton RBD, wato diskin da aka ƙirƙira wa VM, fanko ne, ba a ware masa komai ba sai an rubuta, idan ka gwada karatu a kansa sifili kawai ake mayar maka ba tare da an taɓa diski ba, ka ga lamba mai daɗi ka ɗauki hoto ka tura wa oga. Cika shi da bayanai tukuna, kuma girman gwajin ya fi RAM ɗin da ke riƙe kash, wato ma'ajiyar wucin gadi, in ba haka ba RAM kake aunawa.

Yi gwaji iri biyu aƙalla, iodepth 1, wato buƙata ɗaya kawai a layi, don ganin abin da datābes zai ji, da iodepth 32 ko 64 daga VM da yawa lokaci guda don ganin rufin kulastar. Kada ka kalli matsakaicin jinkiri, duba layin 99.00th da 99.90th a sakamakon fio, masu nuna jinkirin buƙatun da suka fi daɗewa, nan ne korafin mutane ke zaune. Sannan kana cikin gwajin ka je ka kashe inji ɗaya da gangan ka kalli abin da lambobin suka koma, yanzu da babu bayanan kowa a ciki.

A ɓangaren VM, yi amfani da virtio-scsi da iothread, ka kunna discard don wurin da aka goge ya dawo wa pul. Idan kana da HDD da SSD a kulasta ɗaya, yi dokar CRUSH daban ga kowane aji, kada pul ɗaya ya haɗa su. PG kuma, wato rukunonin da ake tara gunduwoyi a ciki kafin a raba su ga OSD, kusan 100 ga kowane OSD ake nema, autoscaler yana yi da kansa, amma idan ka san pul ɗin RBD ne zai cinye kusan komai ka gaya masa tun farko da target_size_ratio, don kada ya fara rarraba PG yana kwashe bayanai bayan mutane sun hau.

Na ƙarshe, saka wa kowane diski iyaka tun ranar farko, ko da rbd_qos_iops_limit idan librbd, wato laburaren da QEMU ke magana da RBD ta cikinsa, kake amfani da shi, ko ta iyakar QEMU a Proxmox da Cinder, saboda krbd, direban RBD na cikin kanel ɗin Linux, ba ya bin saitin rbd_qos_iops_limit. VM ɗaya da wani ya kunna wa sikanin antibairos ko ya saki tambayar SQL marar kai zai iya shanye IOPS na kowa. Idan abin ya faru, rbd perf image iotop zai nuna maka wane hoto ne ke cin kason, ceph osd perf kuma ya nuna maka ko wani diski ne jinkirinsa ya fita daban da na 'yan'uwansa, shi za ka fara cirewa.